Raƙiya Mai Faktir Ta Ajiye Bik

Shekara ashirin da shida, ƙarfe bakwai da rabi na safe a kan teburinta take yi wa Malama Raƙiya, can ƙuryar garejin walda na marigayi Alhaji Sabo a Tahoua. Kafin injin ya fara ƙara ta share garin ƙarfe, ta buɗe littafin faktir, wato rasidin ciniki, ta sa karbon tsakanin takardu, ta ɗauki bik, alƙalaminta. Mu da muka tashi a unguwar har yau muna tuna shuɗin yatsunta.

Ba ta taɓa riƙe sandar walda ba, amma babu ƙofa, taga ko amalanken da ya fita bai bi ta hannunta ba. Kuɗin ƙarfe daban, na aiki daban, abin da aka bayar da abin da ya rage. Wanda bai yi lakwal ba, wato karatun boko, sai ta karanta masa da Hausa, ta ce, "Ka yarda?" sannan ta buga hatimi.

Muktari, ɗan Alhaji da ke riƙe da garejin yanzu, shi ya ba ni labarin Hawa ta Takanamat. Mijinta ya rasu, 'yan uwansa suka sa amalanken jakin da take jigilar ruwa da shi cikin gado. Da shi take ciyar da yara huɗu. Ta ce da kuɗin awakinta ta saye shi, aka ce ta kawo shaida, ga shi gara ta cinye takardarta. Ta iso garejin tana kuka.

"Wace shekara, ɗiyata?" in ji Raƙiya.

"Inna, shekarar da munka rasa hatsi, fara ta cinye."

Kwana biyu Raƙiya tana juya tsofaffin kwalaye har ta samo kwafin. Sunan Hawa ne a kai. Ashe ranar cinikin mijin ya ce a rubuta nasa, Raƙiya ta ɗaga kai ta ce, "Kuɗin wa na?" Ya yi dariya ya nuna matarsa.

Ba ta ba kowa saƙo ba. Da kanta ta hau motar kasuwa ta je Takanamat, ta karanta takardar gaban mai gari da liman. Babban wan mamacin ya ce, "A mayar mata da abunta."

Ke ce wadda ba ta ƙara sifili don a ba ta goro, Raƙiya. Ke kika ɗauki sunan talaka da muhimmanci a kan takardar da wasu ke ƙunsa ƙosai da ita. Yanzu ido ya yi rauni, Muktari ya sayo kwamfuta, teburin ya koma hannun Nasiratu da kika koya wa aiki.

Mun gode, Inna. Allah ya ba ki hutu cikin lafiya. Ku kuma masu rubuta faktir a garejojin Adar, kafin ku sa suna, ku riƙa tambaya kuɗin wa ne.