Kawu Sai Ya Gani a Jarida

Kawuna mai aski ba ya gaskata labari sai rediyo ya faɗa, talabijin ya nuna, jarida ta buga.

Ranar da autarsa ta lashe gasar gudu, rediyo ya faɗi sunanta, talabijin ya nuno ta tana haki. Shago ya kaure da ihu.

Na ce, "Kawu, yi murna mana!"

Ya ce, "Tukuna dai," ya ci gaba da aski.

Washegari ya fizge jarida tun mai sayar da ita bai jingine keke ba. Ga hotonta! Ya bar wani da rabin aski, ya zaga layi yana nuna wa kowa.

Yanzu hoton na tsakiyar madubi. Mai son ganin askinsa sai ya leƙa ta gefe.