Hannun Duktur

A unguwar Nuzla ta Jidda in ka ce Zaharadden sai a tsaya tambayarka wanne, amma da ka ce Duktur, ko mai gasa burodin bakin titi zai nuna maka ƙofar gidansu. Duktur ɗin da bai taɓa leƙa bakin kowa ba, balle ya cire haƙori! Uwarsa Mas'uda ce ta laƙaba masa sunan tun yana firamare, ranar da ya zo na ɗaya a ajinsu. Suna ya bi shi, shi kuma ya karɓe hannu bibbiyu kamar gadon kakansa.

Daga ranar nan aka 'yanta hannunsa daga duk wata wahalar duniya. Ba ya ɗaukar tukunyar gas, ba ya yanka albasa, ba ya ɗaura ƙwan lantarki. Ko lemo zai sha, sai ƙanwarsa Hikima ta ɓare masa. In wuƙa ta faɗi kusa da shi, sai ka ji Mas'uda ta rafka salati: "Kauce, kauce! Hannun Duktur ne, ba na aikin ƙarfi ba." Sabulun ma da mutanen gida ke wanke hannu da shi bai isa ya taɓa fatarsa ba; nasa na ruwa ne, mai ƙamshi, a kwalba, a ɗakinsa. Haka ya kai shekara ashirin da huɗu, ƙato da gemu, hannu luɓus kamar na jariri.

Ubansa kuwa, Malam Abdulghani, a Jidda aka haife shi, jikan wani alhaji ne da ya zo da ƙafa bai koma ba. Sana'arsa sayar da asuwaki a ƙofar masallacin unguwa, shekara arba'in ke nan. Yana da wata 'yar wuƙa da aka naɗe ƙotarta da baƙin salatif. In ya ɗauki icce, juyi ɗaya yake yi da babban yatsa ɓawon ya faɗo, kan asuwakin ya fito daidai, ba tsawo ba gajarta, idonsa kuma na kan mai sayen suna gaisawa. Da wannan wuƙa aka ciyar da Duktur har ya shiga kwaleji. Amma da abokansa na kwaleji suka tambaye shi aikin babansa, sai ya gyara tabarau ya ce, "Yana harkar kayan haƙori."

Wata rana abokinsa Bandar ya rage masa hanya a mota, suka biyo ta gaban masallacin. Tsohon ya hango ɗansa, ya ɗaga hannu, wuƙar na tsakanin yatsunsa. Bandar ya ce, "Wa ke gaishe ka?" Gogan naka ya kawar da kai ya ce, "Wani tsoho ne a unguwarmu. Yalla, mu je." Kai, Allah wadaran naka ya lalace!

To, a shekararsa ta ƙarshe a kwaleji magana ta zo wuya. Shekarunsa sun kai inda sunansa zai faɗo daga iƙamar ubansa, wato takardar izinin zama a ƙasar, sai in yana riƙe da sabuwar takardar ɗalibta. Makarantar likitan haƙori guda ɗaya ce ta yarda ya zauna jarrabawar shiga, kuma sau ɗaya ake yi a shekara. In ya ci, ya ci gaba da zama ɗalibi, sunan Duktur ya samu gindin zama. In ya faɗi, sai neman kafili, wato ɗan ƙasa da zai tsaya masa ya ba shi aiki; kawunsa Isha'aku ma har ya yi masa magana da wani mai sito a Khumra, inda ake loda kwalaye daga safe zuwa la'asar. Duk gidan an san da haka. Shi ma ya sani, don duk lokacin da aka ambaci Khumra sai ya miƙe ya bar wajen.

Kada a zalunce shi, ya yi karatu. Kansa na ja, wannan ba mai musu. Da safe darasin kwaleji, da yamma ya kwashi littattafai ya tafi gidan gahawa a Bani Malik, ya baje su a tebur, ya fara ɗaukarsu hoto tukuna duniya ta shaida, sannan ya duƙufa. Ya haddace sunan kowane haƙori, kowace jijiya, kowane ƙashi na muƙamuƙi. Ya manna wani ƙaton zane na haƙoran mutum talatin da biyu a bangon ɗakinsa. Sai dai takardar makarantar ta faɗa ƙarara cewa jarrabawar kashi biyu ce. Akwai ta rubutu, akwai ta hannu: za a ba ka curin sabulu da 'yar wuƙa, ka sassaƙa haƙori a cikin rabin sa'a, wanda kuma ya karya sabulunsa ya fita. Duktur ya karanta wannan ya yi tsaki. Ya ce wa Bandar, "Wannan ai wasan yara ne. Mai ƙwaƙwalwa suke nema, ba kafinta ba."

Hikima ce ta kai wa tsohon labari. Ranar Juma'a bayan an ci abinci, Malam Abdulghani ya tsaya a bakin ƙofar ɗakin ɗansa, bai shiga ba, ya daɗe yana kallon zanen bango. Can ya ce, "Duktur, na ji an ce har da wuƙa a jarrabawar taku. In ka samu sarari ka zo in nuna maka yadda ake riƙe ta. Ba ta son ƙarfi."

"Baba, wannan kimiyya ce, ba asuwaki ba."

"Na sani. Amma wuƙa wuƙa ce."

Mas'uda ta leƙo daga kicin. "Malam, don Allah ka rabu da shi! Ka ba shi wuƙa ya yanke yatsa saura wata guda? Halas, a bar maganar."

Tsohon ya juya ya tafi. Bayan mako guda sai ya zo da wani kwalin dabino, an ɗaure da roba, ya ajiye a gefen teburin ya ce, "Ka duba in ka huta." Duktur ya jira ya fita, ya ɗaga kwalin ya shinshina. Ƙamshin sabulun wanki ne, irin mai arha. Ko robar bai kwance ba. Ya ƙwala wa Hikima kira, ya miƙa mata da yatsu biyu ya ce, "Kai wannan wajen wanke hannu, ya cika min ɗaki da wari." Ta buɗe baki za ta yi magana, ya ce, "Ba ki ga karatu nake ba?" Girman kai rawanin tsiya, shi kuwa nasa rawanin har da kunnuwa.

Ranar jarrabawa ya sa farar jallabiya da Hikima ta goge har sau biyu. Ta rubutu ya gama kafin kowa, ya zauna yana kaɗa ƙafa yana kallon na kusa da shi da tausayi. Aka kai su wani ɗaki, aka ajiye wa kowa curin sabulu, da wuƙa, da samfurin turmin haƙori mai saiwa uku. Wata likita mai kula da su ta dubi agogo ta ce a fara.

Nan ido ya raina fata. Duktur ya ɗauki wuƙa kamar biro, ta ƙi ci. Ya damƙe ta kamar zai yanka rago, ta zurma ta kwashe kusurwa guda. Ya san sunan kowane tudu da kwarin da ke kan haƙorin nan, da Larabci da Turanci, amma yatsunsa ba su san komai ba. Wata yarinya a gefensa tana ta kankara a hankali, garin sabulu na zuba kamar tana tankaɗe. Gumi ya karyo masa. Da ya ga saura minti goma, ko saiwa ɗaya bai fitar ba, sai ya danna da ƙarfi. Ji kake ƙas! Sabulu ya rabe biyu, wuƙa ta wuce ta shige babban yatsansa, jini ya ɗiga a kan farin tebur. Likitar ta zo ta duba, ta miƙa masa auduga ta ce, "Halas, ajiye. Allah ya ba da sa'a a gaba." Ba a fafe gora ranar tafiya, amma wa ya isa ya faɗa wa Duktur?

Ya iso gida bayan azahar. Mas'uda ta dafa shinkafa da kaza, ta tara maƙwabta mata uku, baki cike da guɗa. Da ta ga audugar da jini, guɗar ta maƙale. Ya ratsa ta tsakiyarsu. Ya wuce wajen wanke hannun da ke bakin kicin, don shi ne kusa, wajen da rabonsa da shi shekaru. Ya buɗe famfo, ya ɗauki abin da ya samu a mazubin sabulu ya fara cuɗawa. Sai ya ji wani abu na tokarinsa a tafin hannu. Ya buɗe.

Turmin haƙori ne na sabulu. Ruwa ya cinye gefensa, amma ga tuddansa huɗu, ga kwarin tsakiya, ga saiwa uku sun ɗan lanƙwashe, daidai da na zanen bangon ɗakinsa, daidai da wanda aka ajiye masa ɗazu.

Hikima na tsaye a bayansa da faranti. Ta ce, "Talatin da biyu ne a kwalin dabinon nan, Yaya. A ƙofar masallaci Baba ya yi su, tsakanin salla da salla. Kullum sai ya leƙa ɗakinka ya kalli hoton kafin ya fita. Mun wanke hannu da su duk, shi ma da su yake wankewa. Wannan ne na ƙarshe."

Ruwa na ta zuba. Ya ji kunya ta rufe shi har wuya, irin wadda bai taɓa ji ba. Ya yi ƙoƙarin tsame haƙorin daga ƙarƙashin famfo, ya sulluɓe, ya sake kamawa, saiwa ɗaya ta ɓalle ta bi rariya.

A haka Malam Abdulghani ya shigo da ƙunshin asuwakinsa a hammata. Ya kama hannun ɗansa, ya juya yatsan, ya dubi yankan. Bai tambayi yadda aka yi ba. Ya ce, "Danna wuƙar ka yi. Babban yatsa ke juya ta, ba shi ake sa mata a gaba ba." Ya saki hannun. Ya ce, "Kawunka Isha'aku ya ce ranar Lahadi, ƙarfe shida na safe, a Khumra." Ya wuce ɗaki.

Maƙwabta suka sulale ɗaya bayan ɗaya, ba wadda ta taɓa shinkafar. Can Mas'uda ta yi kira daga kicin, murya ƙasa-ƙasa. Sau biyu ta kira bai waiga ba, don ya manta rabon da ya ji sunan a bakinta.

"Zaharadden. Gas ya ƙare. Zo ka ɗauki tukunyar."