Yaya da Alluna Ashirin da Suka Ƙi Tashi

Yayata mace ce mai ƙyanƙyami. A gidanmu in ka sha ruwa da kofinta, to ka gaje shi, don ba za ta ƙara kai shi baki ba. Mama takan ce, "Wannan 'yar, da da hali, sai ta wanke sabulu kafin ta yi wanka da shi." Shi ya sa dangi suka yi ta mamaki da ta zaɓi gyaran kayan lantarki, sana'ar da ba ta rabuwa da ƙura da tsatsa. Ni ban yi mamaki ba. Tun muna yara ita ke kwance rediyon Baba, ba don ya lalace ba, sai don ta hango datti ta cikin ramukan sifika, abin ya hana ta sakat.

Shekararta goma sha ɗaya tana aiki a ɗakin gwaji na wata kwalejin koyon sana'a. Ba malama ba ce. Ita ke jera kaya kafin ɗalibai su shigo, ita ke gyara abin da suka ƙona bayan sun fita. Teburinta yana ƙuryar ɗakin, kusa da taga. A kansa akwai mita, da ƙarfen narka dalma, da kwalbar sipirit, da kwalin safar hannu, da burushin haƙori uku waɗanda ba su taɓa ganin haƙori ba. Abokan aiki Madam Burushi suke ce mata, tana kuma amsawa.

Wata Litinin da safe shugaban sashensu ya shigo, masinja na biye da shi ɗauke da kwali. A bayan idonsa Na-Sani ake kiransa, don ba a taɓa fara yi masa bayani ya bari an kai aya ba. Sai ya ɗaga hannu ya ce, "Na sani, na sani."

"Madam, kin tuna ƙananan kwamfutocin nan da wata ƙungiya ta ba mu shekara biyu da suka wuce?"

"Na ji labarinsu dai, ranka ya daɗe. Ban taɓa sa su a ido ba."

"To ga su. Mutanen za su zo nan da kwana goma su ga yadda ɗalibai ke amfani da su. Ko ɗaya ba ya tashi. Tsohon nan mai sito ne ya kashe su da sakacinsa kafin a sallame shi. Ki ga abin da za ki iya."

Yaya ta san tsohon. Mutum ne da har ƙusa yakan ƙirga ya jera. Lokacin da aka sallame shi da takardar gargaɗi, saura shekara ɗaya ya yi ritaya, abin bai kwanta mata ba, amma ba ta da hujja, sai ta ja bakinta.

Kwamfutocin ba irin na kan tebur ba ne. Kowacce ɗan allo ne kore, bai fi tafin hannu ba, ba murfi ba komai. Ana sa masa katin memori, a jona masa caja da sikirin, ya tashi ya yi aiki, ɗalibai su koyi sarrafa fitilu da injina da shi. Guda ashirin ne.

Tana buɗe kwalin wani wari ya buge ta, irin na ɗakin da ɓera ya mayar banɗaki. Kyankyasai suka watse, wani ya bi ta kan hannunta. Ta ce mini ba ta san lokacin da ta tsinci kanta a bakin famfo ba, tana wanke hannu har gwiwa tana tofar da yawu. Da ta dawo ta sa safa biyu a kowane hannu, ta ɗaure hanci da ɗankwali, ta shimfiɗa jarida ta zazzage kwalin. Ga ƙwan kyankyaso manne a cikin ramukan jona waya. Ga kashin ɓera kamar an watsa baƙar shinkafa. Allo ɗaya lemon kwalba ya zube a kansa ya bushe, matattun tururuwa sun daskare a ciki. Akwai tsinken sakace da aka tauna, da cingam da aka liƙa a bayan wani allon, da safar ƙafar yaro guda ɗaya.

Safar nan ta tsaya mata a rai. Me zai kai safar yaro siton kwaleji?

Kwana biyu ta yi tana wanki da sipirit da burushi, allo bayan allo. Biyu daga ciki fitsarin ɓera ya riga ya cinye musu hanyoyin wuta, sun yi kore-kore kamar tsohon kwabo, ta ajiye su gefe. Ranar Laraba ta jona na farko. Jar fitilar wuta ta kama tana lumshewa, koriyar da ya kamata ta riƙa ƙiftawa in allo yana karanta kati ko motsi ba ta yi ba, sikirin baƙi ƙirin. Ta ɗauko mita ta auna cajar. Inda ake son ƙarfin wuta ya kai biyar, huɗu da 'yan kai take bayarwa, da an jona allo kuma sai ta ƙara zubewa. Ta juya cajar ta duba. Ba ta allon ba ce. Irin ta bakin titi ce, mara nauyi, wadda in ka girgiza za ka ji wani abu yana kaɗawa a ciki. Duka ashirin ɗin haka suke.

Ta watsar da su a bokiti, ta jawo wuta daga injin da ke kan teburinta. Nan take takwas suka tashi, rubutu ya cika sikirin. Huɗu kuma katinsu ne ya ruɓe. Ta zuba manhaja a sabon kati, su ma suka farka. Sha biyu ke nan.

Shida suka ƙi. Jar fitila tsaye ƙyam, kati sabo fil, amma shiru kamar an aiki bawa garinsu. Ta canza sikirin, ta canza waya, ta canza kati sau uku. Daga ƙarshe ta ɗauko wata siririyar waya mai baki uku, ta maƙala a 'yan ƙafafun ƙarfe da ke gefen allon, ɗaya bakin a laftof ɗinta. Ta wannan hanya ake jin abin da allo yake faɗa tun kafin ya iya nuna komai a sikirin. Layi biyu ya rubuto, sai wasu haruffa birkitattu, sai ya yi gum. Duka shidan a wuri ɗaya suke tsayawa.

A nan ta gane ciwon. A jikin kowane allo akwai wani ɗan guntu baƙi kamar ƙwayar wake, a cikinsa kamfani ya dasa 'yar manhajar da ke fara farkawa ta tashi sauran. In ita ta lalace, ko katin zinariya ka sa ba abin da zai motsa. Kuma ba ɓera ke lalata ta ba, ba ƙura ba. Sai mutum ya zauna da hannunsa ya yi mata filashin, wato ya goge ta ya zuba wata.

Sai ta koma kan tsofaffin katunan shidan, ta buɗe su ɗaya bayan ɗaya. A na uku ta sami fayil ɗin da aka yi ɓarnar da shi, manhajar wani samfurin allo ne daban, sabo, wanda ba ya shiga wannan. A kusa da shi ga hotuna: falo mai jan labule, yara biyu a kan kafet da allunan barbaje a gabansu, kwalbar lemo a gefe. Ga wasiƙu da sunan shugaban sashe a ƙasansu. Ta duba kwanan wata. Sati biyar ne kafin a sallami tsohon.

Ranar Asabar na je gidanta na tarar ta tasa abinci a gaba ba ta taɓa ba. Mijinta, direban babbar mota ne mai son barkwanci, ya ce mini, "Ƙanwata, zo ki taya ni. Tun jiya yayarki take kallon cokali kamar shi ya yi mata laifi. Na ce kyankyasan ne har yanzu?"

"Kyankyaso ai sana'arsa yake yi," in ji Yaya. "Inda ya ga duhu da datti nan zai shiga, bai taɓa cewa wani ne ya yi ba. Mutum fa? Ya kwashi kayan ɗalibai ya kai wa 'ya'yansa. Ya kashe na farko bai tsaya ba, ya kashe na biyu, har shida, shi a dole ya iya. Sannan ya tattara da sharar falonsa ya mayar sito, ya nuna tsoho ya ce shi ne. Kullum da safe kuma ina gaishe shi, yana amsawa."

Na ce, "To Yaya, ki bar su haka mana, baƙin su zo su gani."

Ta harare ni. "Allunan me suka yi? Ɗaliban me suka yi?"

Ranar Litinin ta nemo manhajar asali daga shafin kamfanin da ya ƙera su. Akwai ƙafafu biyu a jikin allon waɗanda in an haɗa su da ɗan hantsaki lokacin ba shi wuta, sai ya buɗe ƙofar ceto, ya karɓi sabuwar manhaja ko da ta ciki ta mutu. Ta gwada, laftof bai ga komai ba. Rabin yini ta yi tana zagin allon a zuci, kafin ta gano wayar da take amfani da ita ce ba ta ɗaukar saƙo, wuta kawai take kaiwa. Ta canza. Ta jona komai a batir, don in wuta ta ɗauke ana tsakiyar aikin an koma gidan jiya. Ta zauna riƙe da hantsaki tana kallon layi yana cika a hankali. Da ya cika ta kashe ta kunna. Koriyar fitila ta ƙifta. Biyar suka dawo haka. Na shidan guntun ya riga ya ƙone.

Ta ɗauki katin nan mai hotuna ta tafi ofishin Na-Sani. Tana shiga ta ga cajojin asali, farare masu tambarin kamfanin, uku a jikin bango. Biyu suna cajin wayoyinsa, ɗaya tana juya 'yar fankar tebur. Shi kuma yana sakace, yana duba abin da ya fito a bakin tsinken yana gogewa a gefen kujera.

"Ranka ya daɗe, sha bakwai sun tashi. Shida daga ciki an zuba musu manhajar da ba tasu ba. A katin nan akwai..."

"Na sani," ya ce. Wannan karon gaskiya ya faɗa. Ko kunya ba ta taɓa fuskarsa ba. "Abin da ya wuce ya wuce, Madam. Ki goge katin kawai."

"Tsohon fa?"

"Yana gida yana hutawa. Ai gata muka yi masa."

Ya miƙo mata alawa daga aljihu da hannun da ya yi sakacen. Ta ce ta gode, ta ƙoshi.

Ranar da baƙin suka zo, ya sha kwat, ya tsaya gaban teburin da ta jera allunan, yana ba su labarin yadda ya hana kansa hutu har ya farfaɗo da su. Wata mata a cikin baƙin, da alama ta san aikin, ta tambaye shi yadda ya shiga waɗanda manhajarsu ta mutu. Ya yi tari, ya gyara wuyan riga, ya juyo. "Madam, nuna musu yadda na koya miki." Yaya ta ɗauki hantsaki ta nuna. Ta ce mini a lokacin ji ta yi kamar ta haɗiye ƙuda, amma ba ta so ɗalibai su rasa tallafin saboda rigimar cikin gida.

Washegari ta rubuta rahoto shafi biyu, ta haɗa da kwafin katin, ta kai wa magatakardan kwalejin hannu da hannu. Aka kafa kwamiti. Wata huɗu yana zama yana shan shayi. Abin da ya fito shi ne a mayar da cajoji sito, sai kuma wata takarda mai layi huɗu da ke cewa bincike ya nuna tsohon mai sito ba shi da hannu a lalacewar kayan. Ba a faɗi mai hannun ba. Cajoji tara suka dawo.

Ba wanda ya damu ya kai wa tsohon takardar, sai ita ta karɓa. Na raka ta. Muka same shi zaune a benci a gaban shagon ɗansa mai sayar da fenti, idonsa ya yi rauni. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta karanta masa. Ya ce ta sake, ta sake.

"'Yata, ai ni na ba shugaban naku mabuɗi," ya ce. "Ya ce kwana biyu zai duba su ya dawo da su. Na faɗa a lokacin, aka ce tsufa ne ya fara ruɗa ni." Ya ninke takardar gida huɗu ya sa a aljihu. "Nawa suka tashi?"

"Sha bakwai, Baba."

"Madalla. Ki riƙa sa su a leda ɗaya-ɗaya, kantar sama ta fi bushewa."

A hanyar dawowa, muna cikin adaidaita, da muka kai mararraba ta gaya mini cewa a farkon satin nan aka haɗe sashensu da na injina, aka ba Na-Sani shugabancin duka biyun. Ta yi tsaki mai tsawo, har mai tuƙa mu ya waiwayo ya ce, "Hajiya, ni ne?" Ta ce masa a'a, ya dai kalli gabansa.