Yadda mahaifiyata ta bi 'yan a-ware

Shekarun baya kaɗan, ina koyarwa a wata sakandare a Samaru, na ba mahaifiyata tsohuwar kwamfutata. Ita ce sakatariyar zumuntar mata ta majami'arsu a Sabon Gari, kuma ta gaji da zaman jira a shagon buga takardu. Na sa mata manhaja ta kyauta, irin wadda masu sa kai daga ƙasashe daban-daban suke haɗuwa su gina kamar aikin gayya. Da ƙyar ta koya. Amma da hannunta ya faɗa, ko ido rufe ta san inda komai yake.

Wata Asabar na je gaishe ta, na ga an fitar da sabon salon manhajar. Ina cin tuwonta ina sabunta mata, har ina jin na yi abin lada.

Ranar Talata ta kira ni, babu ko gaisuwa. Wai wa ya shiga ya kwashe mata kaya? Jerin da ke ƙasan allo ya ɓace, wurin kashewa ya ɓuya. Ga taron shekara na zumunta ranar Lahadi, kuma ta riga ta tsaya gaban mata ta ce bana da hannunta za ta buga tsarin taro da waƙoƙi, ba mai zuwa shago.

Ana tashi daga makaranta na nufi Sabon Gari. Na gyara murya irin ta aji, na bayyana mata cewa masu ginawa sun yi dogon nazari kafin su canza. Ta ce in ba ta lambar manajansu. Na ce ba su da manaja.

"To wa ke tsawata musu?"

Na buɗe mata dandalinsu na intanet, inda jama'a daga ko'ina suke ta ƙorafi. Ta sa tabarau ta karanta wani dogon faɗa da wani mutum ya zazzaga musu, ta ce wannan daga gani ɗan gidan mutunci ne.

A nan na ci karo da mafita. Ashe wasu daga cikin masu ginawar ma ba su yarda da canjin ba. Sun ɗauki tsohon salon, sun sa masa sabon suna, sun ci gaba da kula da shi.

Ta ce, "Wato sun ɓalle sun buɗe tasu majami'ar."

Na ce kusan haka ne. Ku sani, mahaifiyata ko barkono ba ta saya a hannun waɗanda suka bar majami'arsu suka buɗe wata a Palladan. Ta dubi kalanda, ta dubi allo. Ta tambaya ko a wurin 'yan a-waren komai yana inda ta san shi. Na ce yana nan.

"Sa mini. Amma ka sani, Malam, ba shiga na yi ba. Ziyara ce."

Ranar Lahadi tsarin taro ya fito tsaf, mata suna ta yaba wa sakatariya. Sunana bai fito ba, kuma ban ɗaukaka ƙara ba.

Har yau ban ce masu canjin sun yi laifi ba. Ni sabon salon nake amfani da shi, kuma ya fi sauri. Sai dai na gane cewa mai gini shekaru masu zuwa yake hange, mai amfani kuwa Lahadi mai zuwa. Mahaifiyata dai tana can, ziyara ba ta ƙare ba. In na tambaye ta yaushe za ta dawo, sai ta ce baƙo ba ya tafiya bai yi sallama ba, ita kuwa ba ta da lambar kowa.