Wa Za a Yi wa Ta'aziyyar Paparoma?

Daga gida zuwa Ƙaraye

Tun kafin ladanin maƙwabtanmu ya yi kiran assalatu na fito, da hoton Paparoma naɗe cikin zanen matata Saratu. Muna tsakiyar murnar Ista labarin rasuwarsa ya iso mana ta rediyo. Sai Fada, babban limamin cocinmu, ya aiko cewa duk ƙananan coci-cocinmu su hallara a babbar cocinmu da ke wajen Jajaye, a ƙasar Rogo, a yi masa addu'a. Ni kuma ya ce in taho da hoton nan, don babu mai girmansa a duk yankin.

Ni ne katikis, wato malamin da ke riƙe da 'yar cocinmu ta ƙauye a Tudun Kaya, kuma cikin masu wannan aiki babu wanda ya kai ni daɗewa. Saboda haka na sa a raina cewa in aka shimfiɗa tabarmar makoki, ni zan zauna kusa da Fada a riƙa yi mini ta'aziyya. Ba zan ɓoye ba, har babbar riga na sa aka goge mini.

Ɗan acaɓa ya sauke ni a tashar Ƙaraye gari ya fara haske. Na sha koko da ƙosai a tsaye, don ban yarda in ajiye hoton a ƙasa ba.

Ƙaraye zuwa Rogo

Motar tsohuwa ce, ƙofar baya da igiya aka ɗaure ta. Na samu kujerar gaba na ɗora hoton a cinya. Da muka isa shingen 'yan sanda, ɗaya ya leƙo ya ce, "Baba, me aka rufe haka?" Na yaye zanen. Ya duba, ya ce mu wuce.

Direban ma ya duba. Ya ce, "Af, ai Paparoma ne. Na ji a rediyo ya rasu."

Na gyara zama ina jiran ya ce Allah ya ba ni haƙuri. Sai ya ce, "Ka san Istifanus na Jajaye? Wanda ya je har Rum ya gan shi? Ni nake ɗauko masa taki. Bawan Allah, yau yana cikin wani hali."

Na ce na san shi. Ina zan ƙi saninsa? Ɗan kawuna ne, ni na koya masa addu'ar Ubanmu yana yawo ba wando. Shekarar da aka samu kujera ɗaya ta zuwa Rum, sunana aka fara kira, sai ciwon ƙafa ya kwantar da ni, aka ba shi. Tun da ya dawo, ko maganar farashin gyaɗa ake yi sai ya san yadda ya sako Rum a ciki. Na mayar da zanen na rufe hoton.

Rogo zuwa Jajaye

A Rogo na hau bayan a-kori-kura tare da matan zumunta na wata cocin, duk sun sha anko. Zafin bazara ya fara dukan mutum tun da hantsi, gonaki duk an share ana jiran ruwa. Matan suna waƙar makoki a hankali, kuma waƙar ta shige ni, har na ji idona ya kawo ruwa. Sai wata ta katse ta ce, "Ko yaya Baba Istifanus ya kwana?" Nan take hawayen ya koma inda ya fito.

A harabar coci an shimfiɗa tabarmi ƙarƙashin darbejiya. Istifanus ya taso da sauri ya durƙusa. "Yaya, sannu da hanya. Yaya ƙafar?" Na ce ƙafa lafiya lau take, yanzu kam ko'ina za ta iya zuwa. Ya yi dariya, shi a ganinsa wasa nake.

Ba a jima ba wakilin dagaci ya iso da dattawan gari, Musulmi, maƙwabtan cocin. Kowa ya san yadda ake yi a gidan mutuwa, ba a miƙa hannu barkatai, sai an nuna maka ɗan mamaci ko ƙaninsa. Wakilin ya gaisa da Fada, ya ce, "To, ranka ya daɗe, cikin jama'arku wa za mu yi wa gaisuwa?"

Na gyara wuyan rigata, na ɗan matso. Fada ya waiga ya kalle ni, ya wuce ni da ido, ya ce, "Ga Istifanus, shi ya taɓa ganinsa."

Shi ke nan, layi ya koma can. "Ya haƙuri? Ya ƙarin haƙuri?" Shi kuwa yana sunkuyar da kai yana cewa haƙuri sai ma'abocinsa, kai ka ce shi ya yi jinyar mamacin. Wani dattijo ya juyo wajena, na miƙa hannu biyu, sai ya ce, "Malam, ɗan gusa in wuce." Kishi ya turnuƙe ni, irin wanda ban taɓa ji ba tun ina saurayi.

A cikin coci

Misa, wato babbar addu'ar tamu, ta yi kyau, wannan ba zan hana ba. Coci ta cika har tagogi, tsofaffi suna jan carbi suna kuka don mutumin da a hoto kawai suka san shi. Bayan wa'azi Fada ya ce Istifanus ya fito ya faɗi abin da ya gani a Rum. Na baya suka ce ba sa hango hoton a kan teburi, sai Fada ya ce, "Baba Katikis, taimaka ka ɗaga shi sama."

Haka na tsaya gaban jama'a, hoton ya rufe mini fuska, babbar rigar ba wanda ya gani sai gefenta. Istifanus yana ta bayani, farar riga, farar mota, yadda Paparoma ya ɗaga hannu ya sa albarka. Hannuwana sun gaji, gumi yana bin bayana. Can muryarsa ta karye, na ji yana shessheƙa. Kukan gaskiya ne, na san shi tun yana goye. Abin haushi, har kukan ma sai da na yi masa kishi, don shi yana da abin tunawa, ni kuwa bayan katako nake kallo.

A gidan Istifanus na sauka. Matarsa ta yi tuwon dawa miyar kuka, aka yanka mini zabo. Ya ce, "Yaya, da kai ka je, da ka fi ni iya ba da labarin." Na ce haka ne. Na cinye zabon tas.

Komowa

Washegari na biyo hanya, Rogo, Ƙaraye, sai gida wajen la'asar. Tun daga nesa na hango tabarmi a ƙofar gidana. Gabana ya faɗi, na ce ko Saratu ce. Ashe maƙwabta ne. Malam Sani limamin unguwarmu, da mai unguwa, da manoman da muke iyakar gona da su, tun azahar suke zaune.

Malam Sani ya riƙe hannuna ya ce, "Mun ji babban naku ya rasu, muka ce duk garin nan wa za mu yi wa gaisuwa in ba kai ba. Ya haƙuri, Malam Yohanna?"

Na zauna da hoton a cinya na yi kuka sosai, suka bar ni har na gama. Ina gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya, ina gode wa waɗannan bayin Allah da suka bar sharar gona suka zauna jirana, har Istifanus ma na gode masa da zabo.

Da suka tashi tafiya, mai unguwa ya tsaya yana sa takalmi. Ya ce, "Wai da gaske ne ƙaninka na Jajaye ya taɓa ganinsa ido da ido?"

Na share fuska na ce, "Ya gan shi. Amma daga nesa sosai."