Gwaggo da Murafen Roba

Shekara ashirin da 'yan kai Gwaggo ta yi tana riƙon yaran unguwa. Ba makaranta ba ce, ɗakinta ne kawai, mai tabarma biyu da taga ɗaya. Matan da ke fita aiki, masu ɗinki da masu sharar asibiti da masu tsaron shago, sukan ajiye mata 'ya'yansu da safe su ɗauka da yamma. Nata ɗan guda ɗaya ne, ya girma ya yi nisa, sai dai a waya.

Da gwamnati ta buɗe ajin ƙananan yara kyauta a firamaren bakin titi, iyayen suka riƙa zuwa mata ɗaya bayan ɗaya suna kame-kame. Ita ce ma ta sauƙaƙa musu. Ta ce a kai su, can akwai allo da littafi da malama mai ilimi, ita kuwa ko baƙi ɗaya ba ta da shi da za ta ba su.

Ran Litinin ɗakin ya yi tsit. Ta share inda babu datti, ta sake sharewa. Ƙanwarta ta leƙo tana tsokanarta, wai yanzu Yaya za ta huta har ta yi ƙiba. Gwaggo ta ce ai dama bayanta ya gaji. Amma da yamma ƙanwar ta same ta a bakin ƙofa, tana kallon hanyar da yaran suke bi.

Ran Laraba ta tsinci hular wani yaro a ƙarƙashin gado, wanda take kira Direba saboda komai ya samu sai ya tura shi kamar mota. Ta ce bai kamata rana ta dake shi ba, ta ɗauki jakarta.

Tun daga ƙofar makaranta take jin kuka. Yara talatin ne a ajin. Malamar, yarinya ce sabuwar gama karatu, ta saɓa ɗaya a kafaɗa, biyu sun riƙe mata zani, ita ma saura kaɗan ta fashe.

Gwaggo ba ta ɗauki kowa ba, dama ba ta lallashin yaro da hannu. Ta zauna a ƙasa, ta zazzage murafen robar lemo daga jaka, ta fara ƙorafi ita kaɗai cewa idonta ya tsufa, ba ta bambance ja da shuɗi, ga shi babu mai taimakonta. Direba ne ya fara matsowa yana jan majina. Kafin a jima kukan ya ɗauke, kowa na gyara wa tsohuwa kuskure. Malamar ta durƙusa ta tambaye su jajayen nawa ne, suka shiga ƙirgawa tare.

Shugabar makarantar tana tsaye a taga. Ta ce akwai gurbin mai taimaka wa malama, sai dai ofis na neman takardar shaida.

“Ranki ya daɗe, shaidar tawa ga su nan, su goma sha ɗaya,” in ji Gwaggo. “Wasu kuma sun yi gemu.”

Shugabar ta yi dariya, ta ce za ta rubuta, amma ba ta yi alkawari ba. Mako biyar Gwaggo tana zuwa, kullum wai hanya ce ta biyo da ita. Ba ta taɓa tambayar ina aka kwana ba, sai dai in ta ga an shigo da ambulan na wasiƙa takan bi shi da ido.

Ranar da amsa ta zo, malamar ta karanta mata sau biyu: an ɗauke ta. Aka kawo mata kujera daga ofis. Ta shafa ta, ta yaba aikin kafintan.

“'Yata, a kai ta can gefe,” ta ce wa malamar. “Daga sama ba na jin abin da suke faɗa.”