Tsohon Sunan Garinsu

A kasuwar Ngungu ta ƙasar Kwango kowa ya san Mama Furaha mai dafaffiyar masara, kuma kowa ya san bakinta. Ka latsa masararta ka ƙi saya, ranar har kakanka sai ya sha zagi. Abin da ba a sani ba shi ne sunanta Dansila, kuma ba 'yar Kwango ba ce. Tana da shekara sha tara ta tsallako daga Ruwanda cikin ayarin masu gudun yaƙi, ta baro uwarta a Byumba, don tsohuwar ta rantse ba za ta bar awakinta ba. Ta auri Kubuya tela, ta haifa masa uku. Shekara sha biyar ke nan ba ta san ko uwar tana raye ba, kuma kewarta na cin ta kullum.

Sai ga sojojin Ruwanda sun shigo tare da na Kwango, suna farautar 'yan tawayen Hutu a daji. Raɗe-raɗi ya cika gari cewa duk macen da aka gane daga Ruwanda take, matar ɗan tawaye za a ce da ita, a kai ta iyaka, 'ya'ya kuwa ko oho. Yaren Ruwanda da ke bakinta bai dame ta ba, rabin kasuwa da shi suke ciniki.

Wata Laraba wani sojan Ruwanda ya sayi masara, masarar ta ƙona masa yatsu, ya saki ashar. Yadda ya ja kalmar, sak mutanen tudunsu na Byumba. Kafin ta kama bakinta ta ce, "Ɗan uwa, kai ɗan Byumba ne?"

Ya daina tauna. "Byumba? Mama, ai shekara uku ke nan Gicumbi ake cewa. Yaushe rabonki da gida?"

Ta waiga ko wani ya ji. Ya rage murya ya ce kada ta ji tsoro, can aka haife shi, tsofaffin tuddan nan duk ya san su. Idan tana da wani a can, ta faɗi suna kawai.

Sunan uwarta ya zo mata har kan harshe. Ta dubi autarta da ke ɓare bawon masara a gefenta, ta ce ita 'yar nan ce, a rediyo ta taɓa jin garin. Ya kalle ta, ya ɗauki masararsa ya wuce.

Bayan mako biyar aka ce sojojin za su koma ƙasarsu. Ta bar tukunya a kan wuta, ta gudu bakin hanya, yau kam ko za a kama ta sai ta faɗa wa sojan nan sunan. Motoci suka yi ta wucewa, kowane soja da hula irin ta ɗan uwansa, ba ta gane shi ba. Da ta ƙarshe ta taho, ta bi ta da gudu tana ƙwala sunan uwarta. Sojojin suka ɗauka bankwana take musu, suka ɗaga mata hannu.